Ƙuri'ar Ɗan Takara Na Uku: Asara Ce Ko Jan Kunne?

Tun daga zaɓen 1852 har zuwa yau, babu wanda ya lashe kujerar shugabancin Amurka in ba ɗan Dimokurat ko ɗan Rifablikan ba. Duk Ba'amurken da ya isa jefa ƙuri'a ya san da haka. Amma ba a taɓa yin zaɓe an rasa mutanen da za su bar aikinsu, su bi layi, su zaɓi wanda su da kansu sun tabbata ba zai kai bantensa ba. A 1992 attajirin nan na Teksas, Ross Perot, ya tsaya a matsayin indifenda, ba jam'iyya a bayansa, ya tashi da ƙuri'a miliyan 19.7, wato kusan kashi 19 cikin ɗari. A 2016 Gary Johnson na jam'iyyar Libertarian da Jill Stein ta jam'iyyar Green sun haɗa kusan miliyan 6 a tsakaninsu. Masu waɗannan ƙuri'u da saninsu suka jefa su.

A nan gardama ta tashi. Wani sashe na ganin irin waɗannan mutane su ne gishirin dimokuraɗiyya, domin su kaɗai ke tuna wa manyan jam'iyyu cewa ƙuri'a ba gado ba ce. Ɗaya sashen na ganin ɓata ruwa kawai suke yi: ba su sha ba, sun hana na kusa da su ya sha, har wanda suka fi ƙi ya haye. Kowane ɓangare na da hujja a hannu, kuma hujjojin ba na wasa ba ne. Amma kafin a auna su, sai an san abin da ke kai mai hankali ga zaɓen wanda ya san zai faɗi.

Me ke jan su?

Abu na farko shi ne ƙosawa. Mutum ya gwada wannan jam'iyya shekara takwas, ya gwada waccan shekara takwas, kuɗin asibiti bai sauka ba, masana'antar garinsu da aka rufe ba a buɗe ba, sai ya yanke cewa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Cibiyar Gallup, wadda ta daɗe tana jin ra'ayin Amurkawa, ta samu cewa a 2023 kashi 43 cikin ɗari ba sa kiran kansu 'yan kowace jam'iyya, kashi 63 kuma sun ce ƙasar na bukatar babbar jam'iyya ta uku. Yawancinsu idan ranar ta zo sukan runtse ido su zaɓi mai dama-dama cikin manyan biyu. Amma shekarar da manyan biyun duka suka fita daga ran jama'a, kamar 2016 da Donald Trump ya kara da Hillary Clinton, sai ƙananan su ci kasuwa. Bayan shekara huɗu, da kowa ya ɗauki zaɓen na a-mutu-ko-a-yi-rai, 'yar takarar Libertarian kashi 1.2 kacal ta samu, alhali Johnson ya samu 3.3. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, batun da manya suka haɗa baki suka yi shiru a kansa. A 1992 giɓin kasafin kuɗin Amurka ya kai dala biliyan 290. Perot ya riƙa sayen rabin sa'a a talabijin, ya zauna da allunan lissafi yana nuna wa jama'a yadda bashi ke hauhawa, miliyoyi kuma suna kallo. Ya kuma soki yarjejeniyar kasuwanci da Meziko da Kanada, wadda George Bush uba da Bill Clinton duka suke goyon baya, yana cewa za ta kwashe ayyukan Amurkawa ta kai Meziko. Ma'aikacin da ke tsoron rasa aikinsa ya duba hagu ya duba dama, bai ga mai faɗin abin da ke ransa ba sai Perot.

Misali mafi kusa shi ne na Dearborn a jihar Mishigan, garin da Larabawa da Musulmi suka yi yawa. A 2020 Joe Biden ya kwashe sama da biyu bisa uku na ƙuri'un garin. Da yaƙin Gaza ya ɓarke, gwamnatin Dimokurat ta ci gaba da tura wa Isra'ila makamai, sama da mutum dubu ɗari a Mishigan suka ƙi zaɓen Biden a zaɓen fid da gwani na Fabrairun 2024, suka dangwala a gurbin "ba mu da gwani". Ba a sauya akala ba. A watan Nuwamba Jill Stein ta samu kusan kashi 18 a Dearborn, Kamala Harris ta Dimokurat ta faɗo kashi 36, Trump ya zo na ɗaya da kashi 42. Ba son manufofin muhalli na jam'iyyar Green ne ya kama mutanen Dearborn dare ɗaya ba. Wurin ajiye fushinsu suka nema, inda za a ƙidaya shi a gani.

Na uku, mutumin kansa. Ɗan takarar babbar jam'iyya kafin ya samu tikiti ya ci bashin mutane da yawa: masu zuba kuɗi, dattawan jam'iyya, ƙungiyoyin da suka yi masa yaƙi. Indifenda kuwa yana fitowa ne da da'awar cewa ba shi da ubangida. Perot ya kashe sama da dala miliyan 60 daga aljihunsa, magoya bayansa na alfahari cewa ba mai iya sayensa, kuma a watan Yunin 1992 har ya sha gaban Bush da Clinton a jin ra'ayin jama'a. Ralph Nader, wanda ya tsaya wa Green a 2000, ya shafe shekaru yana faɗa da kamfanonin mota kan lafiyar fasinja, saboda haka da ya ce manyan kamfanoni sun saye jam'iyyun biyu, akwai masu yarda da shi.

Na huɗu, yanki da jinsi. A 1968 George Wallace, tsohon gwamnan Alabama, ya lashe jihohi biyar na kudu da taken kare wariyar launin fata. Tun daga shi babu wani na uku da ya sake cin jiha ko ɗaya. A 2016 Evan McMullin ya samu kashi 21 a jihar Utah, inda 'yan uwansa mabiya ɗariƙar Mormon suka fi yawa, a sauran ƙasar kuwa da ƙyar aka san sunansa.

Na biyar, tsarin ƙidayar kansa. Shugaban Amurka ba da jimillar ƙuri'un ƙasa ake naɗa shi ba. Akwai wakilan zaɓe 538 da aka raba wa jihohi, mai son kujera sai ya samu 270, kuma in ban da Maine da Nebraska, duk wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta kaf. Mazaunin Kalifoniya ya san tun kafin a buga takardar zaɓe Dimokurat ce za ta ci jiharsa. Na Wyoming ya san Rifablikan ce. Ƙuri'arsa ba za ta sauya komai ba, to me zai hana ya aika saƙo da ita? Ga kuma doka ta ce jam'iyyar da ta samu kashi 5 a faɗin ƙasa za ta samu tallafin gwamnati a zaɓe mai zuwa. Abin da Nader ya fito nema ke nan a 2000, bai kuwa samu ba, ya tsaya a kashi 2.7.

Hujjar masu cewa daidai ne

Babbar hujjarsu ita ce ƙuri'a ta mai ita ce. Duk wanda ya ce Nader ya ɗauke wa Al Gore na Dimokurat ƙuri'u a 2000, ya ɗauka tun farko ƙuri'un na Gore ne, alhali ba wanda ya ba shi. Aikin ɗan takara ne ya shawo kan mutane. Idan ya kasa, shi ya kamata ya binciki kansa, maimakon a ɗora wa mai zaɓe laifin ƙin sayen hajar da ba ta yi masa ba.

Sannan suna kafa hujja da tarihi. A 1892 jam'iyyar manoma ta Populist ta tsayar da James Weaver, ya samu kashi 8.5. Cikin buƙatunsu har da harajin da ke ƙaruwa gwargwadon samun mutum, da bai wa jama'a damar zaɓen sanatoci kai tsaye maimakon majalisun jihohi su naɗa. A lokacin an ɗauke su masu tsaurin ra'ayi. A 1913 harajin kuɗin shiga da zaɓen sanatoci kai tsaye duka suka shiga kundin tsarin mulki. Perot bai samu wakili ko ɗaya ba, amma bayansa jam'iyyun biyu suka shiga rige-rigen rage giɓi, kuma a 1998 Amurka ta ga rarar kasafi karon farko tun 1969. Ita kanta Rifablikan a 1854 aka kafa ta a kan batun hana yaɗuwar bauta, bayan ƙananan jam'iyyu sun daɗe suna share fage, kuma cikin shekara shida Abraham Lincoln ya kai ta fada da ƙasa da kashi 40. Da kowa ya bi shawarar kada a yi asarar ƙuri'a, in ji su, da ba a ga ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Suna kuma cewa na uku yakan fito da mutanen da da gida za su zauna. A 1988 kusan rabin waɗanda suka isa zaɓe ne suka fita; a 1992 da Perot ya shiga, adadin ya haura zuwa kashi 55. Wanda ya fito ya zaɓi mai faɗuwa ya fi wanda ya yanke ƙauna amfani ga ƙasa, ko ba komai yana cikin fage.

Hujjarsu ta ƙarshe ta ciniki ce. Al'ummar da aka san ba ta da wurin zuwa, ba a lallashinta. Jam'iyya kan kashe kuɗinta da alkawuranta ne a kan wanda take tsoron ya tafi. Saboda haka, a ganinsu, ko da tafiyar ta jawo faɗuwar jam'iyyar da ta fi kusa da kai sau ɗaya, ka sayi darajar da za ta daɗe. Kukan kurciya jawabi ne, kuma jam'iyya ba ta cika ganewa ba sai ta sha ƙasa.

Hujjar masu cewa ɓarna ce

Su kuma waɗannan da lissafi suke farawa. Inda ake bai wa na ɗaya komai, na uku daga jikin wanda ya fi kama da shi yake yanka. A 1912 tsohon shugaba Theodore Roosevelt ya rasa tikitin Rifablikan a hannun William Taft, ya fice ya kafa jam'iyyarsa. Ya samu kashi 27, Taft ya samu 23, jimilla sun haura rabi. Woodrow Wilson na Dimokurat da kashi 42 ya kwashe wakilai 435. A 2000 George Bush ɗa ya ci Filorida da tazarar ƙuri'a 537, da ita kuma ya ci ƙasa, alhali Nader ya samu 97,488 a jihar. A 2016 Trump ya ci Mishigan da tazarar 10,704, Stein tana da 51,463; a Wiskonsin da Fensilbeniya ma ƙuri'unta sun ɗara tazarar. Wato a 2000 mai rajin kare muhalli ya taimaka wajen kayar da Gore, ɗan siyasar da ya fi kowa magana kan ɗumamar duniya a zamaninsa.

Daga nan sai su tambaya: wa ke biyan kuɗin wannan jan kunne? Galibi ba mai jefa ƙuri'ar ba ne. Gwamnatin da ta fito daga zaɓen 2000 ita ta mamaye Iraƙi a 2003. Wadda ta fito daga na 2016 ita ta kafa dokar hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka a 2017, ta taɓa saka Chadi a ciki, ta kuma taƙaita wa 'yan Najeriya bizar zama a 2020. Mai zaɓe ya koma gida yana cewa hannunsa a wanke yake, wasu can nesa suna ɗanɗana kuɗarsu. A ganin masu wannan ra'ayi, zaɓe ba wurin nuna tsarkin zuciya ba ne, wurin rage cuta ne, kuma da babu gara ba daɗi.

Sai batun mulki. A ce ma indifenda ya ci, da wa zai yi aiki? Majalisa na hannun jam'iyyun da ya kayar, su za su amince da ministocinsa da kasafinsa. Mu nan mun ga irinta a matakin jiha. Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna a PRP a 1979, majalisar jiha kuwa NPN ke da rinjaye. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, a watan Yunin 1981 suka tsige shi.

Suna ƙarawa da cewa yawancin irin waɗannan tafiye-tafiye a kan mutum ɗaya ake gina su, ranar da ya gaji su watse. Perot ya kafa jam'iyyar Reform, ya samu kashi 8.4 a 1996. A 2000 da ba ya cikin takara, ɗan takararta bai kai rabin kashi ɗaya ba. Robert Kennedy ƙarami ya fice daga Dimokurat a Oktoban 2023 yana cewa jam'iyyun biyu duk sun lalace, a watan Agustan 2024 ya janye ya bi Trump, daga baya ya zama sakataren lafiya. Waɗanda suka bi shi don gudun manyan biyu sai suka wayi gari an kai su gidan ɗaya daga cikinsu. Wani lokaci ma babbar jam'iyya ce ke hura wutar: a 2004 'yan Rifablikan a Mishigan sun tara wa Nader sa hannun da zai ba shi damar shiga takardar zaɓe, ba don suna ƙaunarsa ba. Kuma labarin Wallace ya isa shaida cewa fitowa daga wajen manyan jam'iyyu ba ya mai da mutum waliyyi.

A ɗora su a sikeli

Lissafin masu cewa ɓarna ce gaskiya ne, amma ba kullum ba, kuma sun fi son kawo shekarun da ya yi musu daɗi. 'Yan Rifablikan sun daɗe suna cewa Perot ne ya kayar da Bush uba, alhali tambayar da aka yi wa masu fitowa daga rumfunan zaɓe ta nuna magoya bayansa sun rabu daidai wa daida, kashi 38 Bush, kashi 38 Clinton, saura kuma gida za su zauna ko su zaɓi wani. A Fensilbeniya a 2016 sai kusan tara cikin goma na masu zaɓen Stein sun koma wa Hillary Clinton kafin ta tsira, abin da ba mai iya rantsuwa a kai. A 2024 Trump ya ci Mishigan da kimanin dubu 80, ƙuri'un Stein a jihar ba su kai dubu 50 ba. Filorida ta 2000 ce hujjar da ta tsaya da ƙafarta, domin ko ɗan kaɗan na mutanen Nader suka karkata ga Gore da labari ya sha bamban. Duk da haka, hatta wanda ya zo na ƙarshe a takardar zaɓen jihar ya samu fiye da 537, kuma Gore ya faɗi a jiharsa ta Tennessee, wadda da ya ci ta da bai bukaci Filorida ba.

Zaɓen Najeriya na 25 ga Fabrairun 2023 ya nuna haɗarin tara ƙuri'u a takarda. Bola Tinubu ya ci da miliyan 8.79. Atiku Abubakar ya samu miliyan 6.98, Peter Obi na Labour miliyan 6.1, Rabi'u Kwankwaso na NNPP kusan miliyan 1.5. Su ukun duk a PDP suke a 2019, jimillarsu kuma ta haura miliyan 14.5, shi ya sa ake cewa rabuwar kai ce ta ba APC nasara. Akwai gaskiya a ciki. Amma a 2019 da suke tare, Atiku miliyan 11.3 ya samu. A Kano a shekarar, da Kwankwaso a gefensa, bai kai dubu 400 ba. A 2023 Kwankwaso shi kaɗai ya samu 997,279. Yawancin waɗannan ƙuri'u ba daga rumbun PDP suka fito ba, kuma babu tabbacin za su bi wanda aka nuna musu. Haka matasan da suka bai wa Obi Legas da Abuja: da yawansu gudun APC da PDP duka ne ya fito da su.

Masu cewa daidai ne su ma suna zaɓar tarihin da ya yi musu. Rifablikan ba ta zama babba ba sai da jam'iyyar Whig ta ruguje. Gurbi ta cike, ba na uku ta zauna ba. Populist ta ga buƙatunta sun zama doka, amma ita kanta ta mutu. Kuma ba kowane jan kunne ake ji ba: wani lokaci jam'iyyar da aka kayar ba ta matsowa kusa da waɗanda suka guje ta, sai ma ta ƙulla musu gaba. Ga kuma 2019 a Najeriya, da 'yan takara 73 suka cika takardar zaɓe. Waɗanda aka yi ta yayatawa a intanet a matsayin sabon jini, irin su Omoyele Sowore da Kingsley Moghalu, ko dubu 40 babu wanda ya kai a cikinsu. Irin wannan ƙuri'a ba ta tsorata kowa.

Me ya bambanta su da waɗanda suka bar tarihi? Gini a ƙasa. Malam Aminu Kano bai ci zaɓen 1979 ba, kimanin ƙuri'a miliyan 1.7 ya samu. Amma bayansa akwai tafiyar da ta faro tun NEPU a 1950, mai mutane a unguwanni da ƙauyuka, shi ya sa PRP ta samu gwamnoni biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Muhammadu Buhari ya samu miliyan 12.2 a CPC a 2011, jam'iyyar da ba ta daɗe da kafuwa ba. Ƙuri'un ba su ba shi kujera ba, amma su ne jarin da ya shiga majar 2013 da shi, APC ta fito, ta kayar da gwamnati mai ci a 2015. Labour da NNPP kuwa a 2023 sun samu gwamna ɗai-ɗai, Abiya da Kano, sannan kowacce ta faɗa rikicin shugabanci da zaryar kotu.

Inda gizo ke saƙar

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu suna faɗa ne a kan matsalar da ba mai zaɓe ya ƙirƙire ta ba. Masanin siyasa ɗan Faransa Maurice Duverger ya nuna tun 1951 cewa duk inda ake zagaye ɗaya kuma na ɗaya ya kwashe komai, siyasa kan taƙaita ga jam'iyyu biyu, domin tsoron asara na kora mutane zuwa ga manya. Inda ake zagaye na biyu kuwa, abin ya sha bamban. A Nijar a 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, Mahamane Ousmane na biyu, Mahamadou Issoufou na uku. Ƙawancen AFC ya mara wa Ousmane baya, ya ci, Issoufou ya zama firaminista. A 2011 Hama Amadou ya zo na uku, ya goyi bayan Issoufou, ya zama shugaban majalisa. A can wanda ya zaɓi na uku bai yi asara ba: zagayen farko ya faɗi ra'ayinsa, na biyu ya zaɓi shugaba. A irin wannan tsari ne Patrice Talon ya ci Benin a matsayin indifenda a 2016, Emmanuel Macron ya ci Faransa a 2017 da tafiyar da ta ɗan haura shekara ɗaya da kafuwa.

Shi ma wannan tsari ba ya rasa aibi. Ƙawancen 1993 a Nijar ya watse tun 1994. A Faransa a 2002 'yan takara 16 suka tsaya, masu ra'ayin gaba-dai suka yayyaga ƙuri'unsu, babban ɗan takararsu Lionel Jospin ya faɗi tun zagayen farko da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya ba, Jean-Marie Le Pen ya wuce. Shi ya sa jihohin Maine da Alaska suka ɗauki wata hanya: mai zaɓe ya jera 'yan takara bisa yadda yake son su, idan gwaninsa na farko ya faɗi, ƙuri'arsa ta koma ga na biyu. A Najeriya ko damar tsayawa indifenda babu, domin sashe na 131 na kundin 1999 ya ce sai jam'iyya ta tsayar da mutum. Kwamitin Mai Shari'a Uwais ya ba da shawarar buɗe ƙofar tun 2008. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40. Wanda ba shi da wannan kuɗi ko ubangidan da zai biya masa, sai ya nemi ƙaramar jam'iyya ya ari rigarta.

A nawa ganin, mai zaɓen na uku ba wawa ba ne, ba kuma maci amana ba ne. Abin da ke jan sa gaskiya ne: an yi watsi da batunsa, an ɗauki ƙuri'arsa a matsayin ta banza. Amma wannan bai sauke masa nauyin lissafi ba. Wanda ke jihar da sakamakonta ya riga ya bayyana yana iya aika saƙonsa hankali kwance. Wanda ke inda 'yan ɗaruruwa ke yanke hukunci kuwa, wajibi ne ya tambayi kansa ko zai iya ɗaukar mulkin wanda ya fi ƙi na shekara huɗu. In ya ce zai iya, to ya zaɓa da saninsa, kada gobe ya ce ba ruwansa. Ya kuma duba gwanin nasa: yana da mutane a rumfuna da 'yan takarar majalisa, ko kuwa sai shekarar zaɓe ake ganinsa?

Kaso mafi girma na laifin kuwa yana wuyan manyan jam'iyyu. Su ke da rinjaye a majalisun da ke rubuta dokar zaɓe. A Amurka manyansu ne suka kafa hukumar muhawarar da ta sa sharaɗin kashi 15 kafin ɗan takara ya hau dandali, 'yan majalisunsu na jihohi ne suka tsawwala sharuɗɗan shiga takardar zaɓe. Maganin raba ƙuri'a sananne ne, an gwada shi a wurare da dama, suna kuma da ikon kawo shi. Sun ƙi ne domin tsoron asarar ƙuri'a shi ne makiyayin da ke koro musu mutanen da ba sa ƙaunarsu. Jam'iyyar da ta ƙi gyara dokar don tana cin moriyarta ba ta da bakin kuka ranar da dokar ta juyo ta kayar da ita.